Tsagar Matar Ɗan Takara

Shekara goma sha huɗu Ramalan yana kwana yana tashi da fuskar Maijidda, bai taɓa ganin aibinta ba sai ranar da ya yanki fom ɗin takarar kansila. Ran nan idonsa ya buɗe, ya ga ashe matar tasa tana da tsaga uku-uku a kumatu, tun daga gefen ido har haɓa. Lokacin kuwa shari'a na tashe, kowane ɗan siyasa ya tara gemu ya ɗage wando, har da waɗanda in ka sake su a unguwarsu ba za su iya nuna maka ƙofar masallaci ba. Sai magoya bayan abokin karawarsa suka bi gida-gida a Rano suna raɗa wa mata cewa tsagar nan ta Maguzawa ce, wai a ina aka taɓa ba mijin jikar Maguzawa amanar Musulmi? Kakan Maijidda ya musulunta tun ubanta yana goye, ya mutu yana ladanin ƙauyensu can bayan Kahu. Amma wa zai tsaya bin wannan tarihi ana saura mako guda zaɓen fid da gwani?

Saude, yayar Maijidda, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ita ma tsagar ce a fuskarta, aska ɗaya ta yi musu, kuma ba ta taɓa hana ta sayar da daddawarta a kasuwar Kibiya ba. Ran Talata da hantsi tana shanya kalwa, wani mai babur ya yi sallama ya ce an ce ta je Rano, ƙanwarta ba ta jin daɗi. Ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, ta yafa mayafi ta bi shi.

Ƙofar gidan Ramalan kamar ana suna. Fastocinsa sun rufe bango, yana ta murmushi a kowace, matasa sun baje a benci ana dafa shayi. Ba wanda zai ce akwai majinyaci a gidan. Saude ta ratsa su ta shige.

Ta tarar da Maijidda kwance a katifa, an naɗe kuncinta na hagu da bandeji, na dama kuwa tsagarsa na nan yadda take. Leɓɓanta sun yi baƙi kamar ta sha ɗinya. Da ƙyar take jan numfashi, in ta ja kuma sai ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa.

"Innalillahi! Maijidda, faɗuwa kika yi?"

Hajiya Kulu, mahaifiyar Ramalan, ce ta amsa daga bakin ƙofa tana jan carbi. "Wace irin faɗuwa? Ɗan gyara aka yi mata jiya a wajen Dakta Shitu. Gajiyar allura ce ba ta sake ta ba."

"Gyaran me, Hajiya? Me ya lalace?"

Hajiya ta dubi kumatun Saude, ta kau da kai. "Ke ma kin san bakin 'yan adawa. Zanen nan ne suka sa a gaba, shi ne aka ce a goge shi kowa ya huta."

Dakta Shitu kuwa ba wanda bai san shi ba a Rano. Shekara shida ya yi a wani asibiti a Kano yana tura gadon marasa lafiya zuwa ɗakin tiyata, ya tsaya a waje ya jira a fito da su. Abin da ya hango ta gilashin ƙofar nan shi ne iyakar karatunsa. Da ya dawo gida ya buɗe kemis, ya sa farar riga, ya ja labule a bayan kanta ya ajiye benci, shi ke nan an sami ɗakin tiyata. Yana cire cindo, yana yanke ƙari, bana kuma ya ƙaro da goge tsaga. Shi ne kuma sakataren kwamitin yaƙin neman zaɓen Ramalan.

"Ba abin da muka rage ta da shi," in ji Hajiya. "Ni da hannuna na dama mata fura da nono kwano guda kafin su fita, na tsare ta sai da ta shanye, don kada jiri ya ɗebe ta. Rubutun da na sa aka yi mata ma ta kora da shi. Dakta da ya ji, cewa ya yi madalla, aikin yana son ƙarfin jiki. Ya yi mata allurar barci ya fara aiki ke nan sai amai ya taso mata cikin barcin, shi ne ya dakata a kunci ɗaya. In ta wartsake zai ƙarasa."

Da Hajiya ta fita, Saude ta zauna ta ɗora kan ƙanwarta a cinya. Jikin kamar garwashi. Maijidda ta buɗe ido da ƙyar.

"Yaya... ya fita?"

"Me?"

"Zanen."

Saude ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, amma ta cije. "Ke kika ce a yi miki wannan?"

"Roƙona ya yi... ya ce don Allah... rabin awa ne." Tari ya sarƙe ta, ta yi ta yi har idanunta suka kafe, sannan ya sake ta.

Washegari Laraba da safe Sista Mu'minat ta shigo dubiya. Maƙwabciyarsu ce, nas ce a asibitin gwamnati na cikin gari, da fararen kayanta za ta wuce aiki. Tana ganin leɓɓan Maijidda ta ajiye jaka, ta kara kunne a bayanta, ta sa aka maimaita mata yadda abin ya faru. Da aka zo kan fura sai ta dafe ƙirji.

"Fura? Kafin allurar barci? Hajiya, wanda za a sa wa barci ko ruwa ba a ba shi! In mutum yana cikin barcin allura ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. Aman nan huhunta ya gangara, yana can yana ruɓewa. Wanda ya yi aikin bai tambaya ba?"

"To yanzu furar tawa ce ta zama guba?" Hajiya ta tsuke fuska. "Shekara sittin ina dama fura, ban taɓa kashe ko kaza ba."

Sista ba ta biye mata ba. Ta jawo Saude gefe ta ce, "Baiwar Allah, ke ce jininta, ki ji da kyau. Iskar tukunya take buƙata da allurai masu ƙarfi, kuma yau, ba gobe ba. In aka bar ta a ɗakin nan ba na jin za ta ga wani makon."

Saude ta sami Ramalan a falonsa yana gwada huluna a gaban madubi. Ya yi mata sannu da zuwa da fara'a, ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai irin na mutumin da ya fara koyon sauraron talakawa.

"Yaya Saude, ki fahimce ni. Asibitin nan rabin ma'aikatansa mutanen abokin karawata ne. Ina kai ta, kafin azahar labari ya kai tasha, a ce Ramalan ya kankare fuskar matarsa. Kin ga na miƙa musu wuƙa da nama. Sannan za a tambayi wanda ya yi aikin, a kama min sakatare ana saura kwana uku."

"To a kai ta Kano, Alhaji, inda ba wanda ya san ka."

"Da wace motar? Motar tana yawon kamfe. Ki bari Asabar ta wuce. Lahadi da sassafe ni da kaina zan kai ta wajen manyan likitoci."

"Huhun nata zai jira Asabar?"

Ya ajiye hular, ya sassauta murya. "Yaya, rai a hannun Allah yake. Ko kina ja da wannan?"

Ina Saude za ta ja da wannan? Ta fito ta koma wajen ƙanwarta. Kafin la'asar Ramalan ya aika wa mijin Sista cewa ya ja wa matarsa kunne, gidan mutane ba asibiti ba ne.

Ran Alhamis Dakta Shitu ya zo da kansa, da farar rigarsa da jaka, yana ƙamshin turare. Ya ɗaga bandejin, ya leƙa, ya yi murmushi.

"Alhamdulillahi, aiki ya yi kyau. Ku dubi ɗinki kamar na keke."

"Dakta, numfashin fa?" in ji Saude. "Ka saurari ƙirjinta."

"To, wannan ba ɓangarena ba ne, baiwar Allah. Ni fuska aka kawo min."

Amma da Hajiya Kulu ta koka cewa tarin yana kaiwa har tsakar gida, matan jam'iyya masu shigowa sun fara tambaya, sai ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya zuƙo wata allura ya danna mata. Ba a yi minti goma ba tarin ya tsaya cak, Maijidda ta yi laƙwas, bakinta a buɗe. Hajiya ta ce, "Kin ga aikin masana. Ba irin masu shigowa gidan mutane suna zagin fura ba."

Yana haɗa jakarsa ya jefa wata magana, wai shi a iya saninsa bai taɓa ganin allurarsa ta yi wa kowa haka ba, sai dai in da hannu a ciki. Kai jama'a! Kamar ya jefa wa kaza tsaba. Nan take Ramalan ya tuna cewa ya ga wata baƙar mage a kan katanga ran Lahadi, Hajiya ta tuna wani mafarki. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Kafin azahar magana ta zauna, jifa aka yi wa Maijidda, kuma kowa ya san daga inda jifan ya fito.

Aka kira Malam Ishiyaku, tsohon limamin unguwa. Ya shigo ya yi addu'a ya tofa, ya tsaya yana sauraron numfashin, sannan ya ce, "Alhaji, addu'a mun yi, za mu kuma ci gaba. Amma wannan yarinya ta asibiti ce, ku gaggauta." Aka yi masa godiya aka raka shi, ba a sake nemansa ba. Aka samo wani daga wajen gari, wanda tun daga zaure ya ce yana jin warin aljani. Ya sa aka rufe taga, aka kawo kasko da garwashi, ya zuba wasu saiwoyi da barkono, ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi. Matar da ke neman iska da cokali ita aka yi wa wannan. Saude da ke da lafiyayyen huhu ma sai da ta yi ta tari har hawaye. Da Maijidda ta fara fizge-fizge tana neman numfashi, sai mutumin ya ce, "Yauwa, ga shi nan yana jin wuta!" Saude ta yi wuf ta sure kaskon ta watsar a tsakar gida, ta bankaɗe tagar. Hajiya ta ce dama an ce dangin nan ba sa son ayar Allah.

Da yammacin ranar Ramalan ya hau kan mota a filin makarantar firamare. Saude tana jiyo lasifika daga ɗaki. Ya ce ba zai ɓoye wa jama'a ba, an rasa yadda za a yi da shi an koma kan iyalinsa, yanzu haka tana kwance rai a hannun Allah, amma ko za a ƙarar da gidansa ba zai janye ba. Muryarsa ta karye daidai inda ya kamata. Mata suka yi ta salati, wasu na share hawaye. Ciwon Maijidda ya yi masa aikin da fasta dubu ba ta yi ba.

Ran Juma'a Saude ta yanke shawara. Tun da hantsi ta tafi tasha tana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ji sunan gidan sai ya tuna tayarsa ba iska. Da ƙyar wani dattijo mai tsohuwar tasi ya yarda, ya ce zai zo in an tafi masallaci. Ya kuwa cika alkawari. Ƙofar gida ba kowa, benci duk a kife. Saude ta shiga da gudu ta naɗe ƙanwarta a zane ta fara kiciniyar goya ta.

Sai ga Hajiya Kulu ta zo ta zauna daɓas a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu.

"Sai dai ki tsallake ni. Matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta. Shari'a ake yi a ƙasar nan yanzu, ba a ƙauyenku muke ba."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah! Shari'ar ce ta ce a bar mutum ya mutu a ɗaki?"

"Ni dai na faɗa miki." Ta ɗaga murya yadda direban da ke zaure zai ji. "Duk wanda ya ɗauki matar ɗana ba da yawunsa ba, ya shirya tsayawa gaban alƙali!"

Saude ta ji ƙarar tashin mota, ta ji ta tana nisa. Duk da haka ba ta saki ba. Ta ce ko a baya ne za ta kai ta asibitin gari, ai ba nisa, in ya so a tsallake Hajiya a nemi gafara daga baya. Tana ɗago ta sai ta ji yatsun Maijidda sun kama mata wuyan riga. Allurar Shitu ta fara sakinta.

"Yaya... ajiye ni."

"Yi shiru, asibiti za mu."

"Ya sani?"

Saude ta ci gaba da kiciniyar goya ta.

"Kada in fita... ba izininsa... in mutu a hanya. Bari ya dawo."

Wannan ce ta karya Saude. Da Hajiya ce kaɗai, wallahi da ta bi ta kanta. Amma yarinyar da ta goya tun tana tsumma, ita ce ke roƙonta da ɗan numfashin da ya rage mata kada a sa ta saɓa wa mutumin da ya kai ta bayan kanta aka yanka. Ta mayar da ita kan katifa, ta zauna ta yi kuka mai isarta.

Da Ramalan ya dawo daga masallaci da zugarsa, ta tare shi a zaure ta durƙusa, ita da ta girme shi, ta ce kalma ɗaya take roƙo, ya ce a tafi. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun gani ko? Har danginta an ruɗa su. Allah ya isa tsakaninmu da mutanen nan." Sannan ya sunkuyo ya ce da ita a hankali, "Kwana ɗaya ya rage, Yaya. Kada ki ɓata min a bakin gaɓa."

Ran Asabar aka yi ƙato bayan ƙato. Layin Ramalan har ya zagaya bayan makaranta, mata sun fi yawa, da yawansu sun ce don baiwar Allahn nan da aka jefa suka fito. Da la'asar aka ce Ramalan ya lashe, gida ya cika da guɗa da kiɗa, ana ta sauke tukwane. A cikin ɗaki Saude tana ɗiga wa Maijidda ruwa a leɓe da auduga, tana kiran sunanta. Idanun a buɗe suke amma ba sa bin kowa.

Lahadi da sassafe Ramalan ya cika alkawari, don shi mutum ne mai cika alkawari. Aka kawo bas ɗin kamfe da fastocinta da lasifika biyu a ka, aka shimfiɗa katifa a baya. Direban ya saba, yana tayar da mota kaset ɗin waƙar takara ya kama, kuma ba wanda ya ce ya kashe sai da Saude ta daka masa tsawa. Duk garin da suka ratsa mutane na ɗaga hannu, Ramalan na ɗaga musu ta taga.

A wani babban asibiti a Kano aka karɓe ta da gudu. Aka sa mata robar iska, aka ɗaura ruwa, likitoci suka rufu a kanta. Can wata likita mai gilashi ta fito da takarda a hannu, ranta a ɓace, ta ce ina masu wannan mara lafiya.

"Wa ya yanka mata fuska? Wa ya yi mata allurar barci? Kwana nawa ke nan?"

Ramalan ya gyara babbar riga, ya yi ajiyar zuciya. "Likita, kin san halin mutanenmu na ƙauye. Ina can ina hidimar jama'a, danginta suka kai ta wajen wanzaminsu. Al'ada ce ta gidansu, mun yi wa'azi har mun gaji." Ya ɗan karkata kai wajen Saude.

Likitar ta juyo ta dubi Saude, ta dubi tsagar da ke kumatunta, ta buɗe baki za ta fara faɗa. Saude ta riga ta.

"Likita, dube ni da kyau. Wanzaminmu ya yi min wannan ina 'yar kwana bakwai, ga ni shekara arba'in da biyar ina cin tuwo. Mu sakawa muka sani, ba mu san cirewa ba, kuma wanzami ba shi da allurar barci. Sunansa Shitu, kemis gare shi a Rano. Ran Litinin aka yi, da fura kwano guda a cikinta. Tun Laraba nas ta ce a kawo ta. Ki tambayi mai babbar rigar nan me ya sa sai yau."

Likitar ta dubi Ramalan. Ramalan ya dubi agogonsa. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce da an kawo ta ran Larabar, da da sauran magana, yanzu sai dai a yi abin da za a iya. Sun yi kuwa, Allah ya saka musu. Ana kiran sallar la'asar Maijidda ta cika, kanta a hannun yayarta.

To, in kana jira ka ji an kama wani, ka gyara zama, za ka daɗe. Takardar likita tana can a Kano, gawa kuma ba ta jiran takarda. A yammacin aka dawo da ita Rano aka yi mata sutura. Dakta Shitu yana sahun gaba a sallar gawa, ya fi kowa jan "Allahu Akbar", washegari kuma ya buɗe kemis a kan lokaci don akwai wata yarinya mai cindo da aka yi wa alkawari. A ƙofar gida aka kafa rumfa guda ta ɗauki hidima biyu. Mutum zai durƙusa ya ce, "Allah ya ji ƙanta, Honorabul," kafin ya miƙe ya ƙara da, "Allah kuma ya sa a ga na gaba lafiya," don babban zaɓe saura mako uku.

Ran sadakar uku aka aiko cewa shugabar matan jam'iyya za ta zo gaisuwa daga Kano da tawagarta, da matan mazaɓa kaf. Aka share tsakar gida aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Hajiya Kulu ta sami Saude a ɗakin marigayiya tana ninke kayanta.

"Saude, kin sha wahala, Allah ya ba da lada. Ki yi zamanki a nan ki huta, za a kawo miki abinci. In ma fitar ta kama, ki ɗan ja mayafin nan ki rufe fuska. Manyan baƙi ne, ba mu son a tayar da tsohon zance."

Saude ta ce to.

Ta bari sai da ta ji motoci sun tsaya, tsakar gida ta cika maƙil. Sannan ta fito, ta zame mayafin ya sauka a kafaɗa, ta ɗaure ɗankwalinta can baya yadda kumatunta za su sha rana. Ta ratsa mata ta je ta zauna a tabarmar karɓar gaisuwa, gefen Hajiya, inda ba mai shiga ko fita sai ta durƙusa a gabanta. Carbin Hajiya ya tsaya a hannunta.

Shugabar matan ce ta fara matsowa, da gwala-gwalanta. "Ke ce yayar? Sannu, ya haƙuri? Mun ji abin da azzalumai suka yi mata. Jifa ba ƙarya ba ne."

"Haƙuri da godiya, Hajiya," in ji Saude, da muryar da take kiran masu sayen daddawa a kasuwa. "Amma ba wanda ya jefe ta. Kin ga wannan?" Ta shafa kuncinta da yatsu uku. "Irinta ce a fuskarta. Ita mijinta ya kai ta a goge a kemis ɗin Shitu saboda zaɓe, aman da ta yi cikin barcin allura ya shiga huhunta, aka hana ni kai ta asibiti kwana biyar sai da aka gama layi."

Hajiya Kulu ta fara cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta, a yi mata uzuri. Saude ba ta ko dube ta ba. Ta miƙa hannu ga matar da ke biye, wata tsohuwa da ta yi awa uku a rana ran Asabar a layin Ramalan.

"Matso, Inna," ta ce. "Ke ma ki ji, don ke kika tsaya masa."

Mata sun fi ɗari biyu a gidan ran nan, kowacce kuma da gidan da za ta koma. Saude ba ta tashi daga tabarmar ba sai da ta faɗa wa ta ƙarshensu.